Kabet Ɗin Umma a Ƙofar Ɗakina

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau. Masu turo min saƙo kuna cewa Shuhada ta yi shiru, ku yi haƙuri, ba jan aji nake yi ba, wurin da labarin ya iso ne ba na son taɓawa. Sabbin zuwa kuma ku matso kusa, ba ku makara ba. Ni 'yar unguwar Hausari ce a Nguru, abin da zan ba ku kuma ya faru ne a shekarar 2007, cikin satin bikina da Haisam, mutumin Gashuwa. Ina son sa yana so na, iyaye sun amince, an sa rana, babu wanda ya shiga tsakaninmu. Abin da ya hana ni sakat a satin nan katako ne da gilashi.

Sai na fara kai ku ɗakin Ummata, in ba haka ba za ku ce iyayi ne yake damu na. Ɗaki ne babba, amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin bangonsa na gabas ba, kabet ya cinye shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, kansa kuma saura kaɗan ya taɓa silin. Wani kafinta ne ɗan Kano ya yi mata shi, da gilasai a gaba da madubi a ciki, yadda kowane kwano zai zama biyu a ido. A cikinsa akwai samira saiti-saiti, da kumbuna masu fure, da langa, da tangaran, da kofunan shayi waɗanda leɓen ɗan Adam bai taɓa sauka a kansu ba. A samansa kuloli ne, babba a ƙasa ƙarama a sama. Abin da bai samu wuri ba yana ƙarƙashin gado, ko a bayan ƙofa cikin kwali. In za ka yi sallah a ɗakin sai ka janye kwalla, ka ture kujera 'yar tsuguno, sannan ka tayar kana kallon fuskarka a tsakanin kwanuka. In ka yi sujada da garaje kuwa, sai ka ji duk kabet ɗin ya amsa.

Wa yake wanke su? Ni mana. Duk jajiberin sallah, duk lokacin da za a yi baƙi, duk ranar da Umma ta shafa yatsa ta ga bai yi mata ba, sai a sauke su gaba ɗaya a tsakar gida. In wanke, in ɗauraye, in goge da tsumma, in mayar da kowanne mazauninsa, fure yana kallon waje. Kwanukan da ko miyar kuka ba a taɓa zuba musu ba. Akwai shekarar da ɓera ya mutu a bayan kabet ɗin, muka yi ta kwana muna tashi cikin wari har ya bushe don kansa, saboda babu mai iya matsar da shi. Ƙawayena in sun zo sai su riƙe baki su ce, Shuhada kin more, duk wannan naki ne. Ni kuwa in na kalle shi, bayana ne yake fara ciwo.

Ni ce 'yar farin Umma, kun kuwa san yadda abin yake a gidajenmu. Ba ta faɗin sunana, ba ta zama hira da ni, ba ta yaba min a gaban mutane. In tana nema na sai ta ce wa ƙannena, ku kira min waccan. Ko zazzaɓi nake yi, sai dai in farka in ga kunu a gefen katifata, ban san lokacin da aka ajiye ba. In ta sayo sabon saiti kuwa, sai ta dire shi a gabana tana kallon wani wuri ta ce, a wanke a jera, a yi a hankali, ba na wasa ba ne. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce naki ne ba, amma har kajin gidan sun san na wace ce.

Dalilinta ba ɓoyayye ba ne, duk Hausari an sani. Umma, wadda manya suke kira Sabuwa, 'yar Katuzu ce ta wajen Gashuwa, iyayenta manoman fadama. Baba kuwa, Alhaji Laminu mai fata, kakanninsa daga Haɗeja suka zo da kasuwancinsu, danginsa mutane ne masu son a gani a faɗa. Da aka kawo Umma, kayan ɗakinta gadon ƙarfe ne da tabarmi da 'yan ƙore da tukwane. Ranar ganin ɗaki yayar Baba, Gwaggo Mairam, ta tsaya a bakin ƙofa ta leƙa, ta tambayi mata ko nan ne masallacin gidan, su cire takalmi su yi nafila. Aka kwashe da dariya, sunan ya bi Umma, amaryar masallaci, har bayan ta haife ni. Daga nan ta koyi haɗa turaren wuta da humra a wurin wata maƙwabciya Babarbariya, ta kama sana'a ba ji ba gani, duk abin da ta samu sai ya zama kwano. Kabet ɗin nan da guminta ta yi shi, an ce ranar da aka shigo da shi sai da ta yi wa maƙwabta waina.

Shi kuwa Haisam zanen gine-gine ya karanta, na san shi ne lokacin da aka turo shi duba ginin sababbin azuzuwa a firamaren da nake koyarwa. Dogo ne, baƙi, marar hayaniya, irin mutanen nan da in sun ce to, sun gama magana. Da ya fara zuwa zance a zauren gidanmu muke zama, babu komai a ciki sai tabarma da buta. Wata rana ya ba ni haƙuri, wai yana tsare ni a zaure ina shan sauro. Na ce masa ai duk gidan nan babu inda nake so kamar nan, don nan ne kaɗai nake miƙe ƙafa ban ture wani abu ba. Ya dube ni ya daɗe. Sai ya ɗauki tsinken ashana ya fara zana min a ƙasa ɗakin da yake ginawa a Gashuwa. Ya ce shi a gidansu ya taso baƙi ba sa yankewa, dangi daga Dapchi da ƙauyuka, mai zuwa asibiti da mai zuwa kasuwa, kullum mutane a kwance a tsakanin ƙafafun kujeru, kujerun kuma an lulluɓe su da leda ba a zama. Tun lokacin ya yi wa kansa alkawarin ɗakin da mutane za su fi kaya samun wuri. Ya ce abin da yake tsoro shi ne ranar da zai nuna wa mace ta ce masa rowa ce.

Na ga ɗakin da idona sau ɗaya kafin biki. Mun je Katuzu duba wata ƙanwar Umma da ba ta da lafiya, ni da aminiyata Haula, a hanyar dawowa muka ratse, yayarsa Ya Aisa ta buɗe mana. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Falo ne guda da uwar ɗaka. Bango ruwan madara, ƙasa siminti mai santsi, an shimfiɗa sabuwar tabarmar kaba, da tum-tum na fata guda uku a jingine. Taga ce babba a bangon arewa inda rana ba ta duka, da farin labule guda ɗaya, kun dai san zafin Gashuwa ba ya wasa, amma ɗakin iska take kaɗawa. Wurin ajiya duk a cikin bango ya yi shi, da fararen ƙyamare, in ka rufe ba ka ganin komai. Akwai tebur da ake naɗewa a jingine, in za a ci abinci ko zan duba takardun 'yan makaranta a buɗe, in an gama a mayar. Ya Aisa ta ce wai ya ce da rana falo ne, in baƙi sun zo a jefa katifu ya zama masauki, in Allah ya kawo yara su yi rarrafensu babu mai cewa kar ka taɓa. Tana faɗa tana taɓe baki, ita ma abin bai gama kwanta mata ba. Haula ta ce ita dai gani take kamar ɓarayi sun shigo sun yi aikinsu tsaf. Ni kuwa ina tsaye a tsakiya na ji hamma ta kama ni, wani barci mai daɗi yana fizga ta, irin wanda na manta rabona da shi. Da ba don kunyar Ya Aisa ba da na kwanta a tabarmar nan.

Tun a mota na tura masa saƙo na ce kar ya ƙara ko ƙusa.

"Ke kaɗai ta rage a shigo da ita," ya amsa.

Kar ku yi dariya, a wurin Haisam wannan doguwar waƙar soyayya ce, na yi sati ina buɗewa ina karantawa.

Maganar kujeru da babban gado ba ta ba mu wuya ba, don wannan ɓangaren Baba ne. Haisam ya tura kawunsa Goni ya samu Baba a rumfarsa ta kasuwa, suka yi magana irin ta manya. Baba ya ce shi in yara sun faɗi abin da suke so, me zai sa ya loda musu abin da za su riƙa karo da shi. Aka tsaya a kan katifa mai kyau da ɗan gajeren gadon katako, da firij, da keken ɗinki. Gwaggo Mairam ta zo ta yi faɗa har ɗankwalinta ya zame, ta ce za a kai 'yar Alhaji Laminu kamar marainiya, Baba ya ba ta haƙuri ya zura takalmi ya fice. Amma kwanuka ba na Baba ba ne, kuma babu namijin da zai tsoma baki a wannan maganar. Da na yi masa zancen a fakaice, cewa ya yi in je in samu uwata.

Na je kuwa, har sau biyu. Na farko na same ta tana kwaɓa turare, na durƙusa na ce, Umma dama ɗakin can ba shi da girma sosai. Ba ta ɗago ba, ta ce a miƙo mata kwalbar can. Na biyu na ce, Umma ai yanzu an rage yayin jera kwanuka da yawa. Ta ce wa ya bar murhu yana hayaƙi? Na tashi na je na gyara itace. A raina na ce shi ke nan, in an kai su na tura abin da zai shiga cikin bango na rufe, sauran na san yadda zan yi da su a hankali bayan biki. Kabet dai na san babu inda za shi, yana nan tun kafin in yi wayo, ko mushen ɓera bai sa an matsar da shi ba. Da wannan tunanin na kwantar da hankalina.

Da satin biki ya kama aka kai ni gidan mai gyaran jiki a unguwar Bulabulin, aka yi ta murza ni da dilka, ana turara ni har na fara jin ni ma garwashi ce. Ban dawo gida ba sai ranar lalle, wadda kuma ita ce ranar da 'yan jere suka tafi Gashuwa shirya ɗaki. Kafin in iso motar kaya ta riga ta tashi, Gwaggo Mairam a gaba, Haula a cikin masu rakiya. Aka shigar da ni ta ƙofar baya lulluɓe da mayafi, aka zaunar da ni a ɗakin ƙannena. Mai lalle ta cika min ƙafafu ta ɗaure da leda, ta yi hannun dama ta ɗaure, na hagu ta bar min sai anjima don in samu na cin abinci. Ina sanye da wata tsohuwar atamfa ruwan ganye da aka ce in ɓata, kai ba ɗankwali, sabon kitso yana ja min fatar goshi. Gidan cike da mata, ana daka, ana suya, ana shewa. Ni kuwa gajiya ce kawai a jikina, irin wadda ko kuka ba ta bari ka yi. 'Yar wayata mai tocila tana kan cinyata.

Bayan azahar saƙon Haula ya shigo.

"Mun iso da ƙyar, sai da muka tsaya a Jajimaji aka sake ɗaure kaya. Ke ashe har da kabet ɗin Umma? Shi ne ba ki gaya min ba."

Na karanta, na sake karantawa. Na ce ko dai wani ƙarami aka saya ban sani ba. Da babban yatsan hagu na rubuta mata, wane kabet? Ta ce wanda na sani, na ɗakin Umma, ƙarti ne suka fito da shi da sassafe, sai da aka cire ƙyauren ɗakin. Ban gama haɗiye wannan ba na Haisam ya shigo.

"Salam. Ban san da kabet ba. Ke kin sani?"

"Wallahi yanzu nake ji."

"To."

Da zagi na ya yi da ya fi min sauƙi a kan wannan to ɗin.

Daga nan Haula ta zama rediyona, saƙo yana bin saƙo. An sauke shi lafiya, ya shige ƙofar gida, ya iso tsakar gida. A ƙofar falo ya ce bai san zance ba. An gwada shi a tsaye, an kwantar, an karkata, har gilashi ɗaya ya fara ƙara aka ja da baya. An kira kafinta ko zai raba shi biyu, ya zagaya shi ya ƙwanƙwasa, ya ce aikin da ne, gam da ƙusa, in aka ɓalle shi sai dai a hura wuta da katakon. Gwaggo ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu ta ce a kira magini. Ya Aisa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ita ba ta ƙi ba, amma ba za a taɓa bango ba sai da izinin mai shi. Mai shi kuwa yana can shagon abokinsa ya ɓuya, don ango ba ya tsayawa gaban surukai ranar jere. Matan maƙwabta sun fara shigowa da sunan sannu da aiki.

Sai ga nasa kuma, mafi tsawon saƙon da ya taɓa turo min.

"Magini ya zo. Ya ce sai an fasa gefen ƙofa, kuma bangon taga ne kaɗai zai ɗauke shi, tagar za ta rufe. Na aika a ce su dakata. Ɗakinki ne, Shuhada. Abin da kika ce shi za a yi."

Kun ji fa. Na san wata a cikinku za ta ce kai, wannan miji da daraja mace yake. Ni a lokacin ji na yi kamar in jefa wayar a turmi a haɗa da gero. Ya ɗauko abin da ya fi kabet nauyi ya ɗora min a ka, ya koma shago ya zauna. In na ce a fasa, na rufe tagar nan da hannuna, na koma wankin kwanuka har tsufana, kuma na san Haisam, ba zai taɓa yi min gori ba, zai dai riƙa shigowa ɗakin yana neman inda zai ajiye ƙafa, ni kuma ina ganin haka a fuskarsa kullum. In na ce kar a fasa, to wa zai je ya gaya wa matar da ta ƙare ƙuruciyarta a gaban kasko saboda wannan ranar?

Ina cikin haka wayar ta ɗauki ƙara, lambar Haula, amma muryar Gwaggo Mairam ce ta daki kunnena.

"Ke Shuhada, ba da ke zan yi ba. Kai wa uwarki."

Umma ba ta da waya a lokacin. Na miƙe da ledoji a ƙafa ina tafiya kamar agwagwa, mai lalle tana bi na da za ki ɓata, za ki ɓata. Matan tsakar gida suka bi ni da ido, wata ta ce amarya ba ta yawo, ban tsaya ba. Ƙyauren ɗakin Umma yana jingine a waje, labule kaɗai ya rage. Na ɗaga na shiga.

Ranar na fara ganin bangon gabas. Shuɗi ne ashe, shuɗin fentin da, sauran ɗakin ya koɗe ya bar shi, yanar gizo ta yi masa zane daga sama har ƙasa. Ƙarƙashin gado wayam, bayan ƙofa wayam, ko kofi ɗaya ba ta rage wa kanta ba. Sallamar da na yi sai da ta dawo min. Ɗakin ya yi faɗi, ya yi haske, irin wanda nake so sak, amma ban ji daɗin komai ba. Umma tana zaune a gefen tabarma da leshinta ruwan toka na uwar amarya, tana ɗura turare a ƙananan kwalabe na rabon biki. Ta takure a kusurwa guda duk da ga fili, ta zama 'yar ƙarama, kamar an kawo ta gidan da ba ta sani ba.

Na durƙusa na miƙa mata wayar na ce Gwaggo ce. Ta riƙe ta nesa da kunne yadda take yi, don haka babu abin da ban ji ba.

"Sabuwa, kina ji na? Kayanki yana tsakar gida a rana, ƙofa ta ƙi shi. Na kira magini, yaron nan ya aiko wai a dakata sai abin da amarya ta ce. Yaushe aka fara tambayar amarya a jere? Ɗakin nan fayau yake, ko kujera babu, matan unguwa sun fara leƙowa suna taɓa juna. Ni na san abin da bakin mata yake yi wa amarya, Sabuwa, da nawa bakin aka yi miki. Ba zan tsaya ina kallo a yi wa 'yar ƙanena ba. Ki yi mata magana."

Ban taɓa jin Gwaggo ta ɗauko wannan zancen babu dariya a ciki ba sai ranar. Umma ta ce to, ta ji. Ta ƙara cewa to. Sai katin Haula ya ƙare, wayar ta yi shiru.

Ta ajiye ta a kan tabarma tsakanina da ita. Na jira ta ƙwala wa wani kira ta ba shi saƙo ya gaya min, yadda aka saba, amma babu kowa a ɗakin sai mu biyu. Ta rufe kwalba ta ajiye, ta ɗauki wata.

"Shi ne ba ya so, ko ke?"

Ga hanya a buɗe. In ce shi ne, ɗan boko da ra'ayinsa, Umma ta ji haushin suruki na ɗan lokaci ta huce. Har na buɗe baki. Amma wannan ce tambaya ta farko da Umma ta taɓa yi min ni da kaina, ba ta bakin kowa ba, sai na ji ba zan iya amsa ta da ƙarya ba.

"Ni ce, Umma."

Hannunta ya tsaya a kan murfin kwalbar.

"Ba raina su na yi ba," na ce. "Wallahi ba raini ba ne. Gajiya na yi. Ina son ɗakin da zan share in zauna."

Ta ajiye kwalbar. A waje taɓarya tana ta sauka, wata ta faɗi abin dariya aka kwashe. Sannan Umma ta yi magana a hankali, idonta a kan shuɗin bangon.

"Na zaci so kike yi. In kina goge su kina daɗewa a kan kowanne. Ina leƙen ki ta taga, in ce yarinyar nan ta san abu mai kyau. Shi ya sa nake ƙarowa."

Innalillahi. Ni da nake jan aikin don bayana ya huta, ina goge kwano ɗaya ina maimaitawa don kar a ce in ɗauko na gaba. Ashe tana can tana kallo tana jin daɗi, washegari ta ƙara sammako ta zauna gaban garwashi. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, tana ba ni ina karɓa, kowa da abin da take zato. Kukan da gajiya ta hana ni sai ga shi ya zo, na rasa hannun sharewa, ɗaya yana cikin lalle ɗaya na dafa ƙasa da shi. Tausayinta ya kama ni, kunyar kaina ta kama ni. Na ce Umma a fasa kawai, bango ne, ai ana gyarawa. Ta girgiza kai.

"Ba za a fasa wa ɗan mutane gini a kan abin da ba a so ba. Ki ce su ɗoro shi su dawo da shi."

Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta ɗauki tsintsiya, ta nufi gindin bangon ta fara share ƙasar da ta taru a gurbin, tana gyara masa wuri. Ta juya min baya. Wayar ta yi haske a kan tabarma, na jawo ta. Haisam ne.

"Magini zai tafi sallar la'asar. Ya ce in ya dawo ko ya fasa ko ya kama gabansa. Me zan ce masa?"

Na ɗora yatsana a kan madanni. Sai na ji tsintsiyar ta tsaya. Umma ba ta juyo ba.

"Sai dai ki roƙa min su," ta ce, "su bari sai bayan isha'i, kuma su biyo ta layin baya. Da safe duk unguwa ta fito ta ga fitarsa. Har guɗa aka yi min."

Na dubi wayar, na dubi bayan Umma. A masallacin bakin layi ladan ya fara hura lasifika.